Kwat ɗin Kawu da Zafin Paris

Akwai wata rana da ko tsufa ya ruɗa ni har na manta sunayen jikokina, ita dai ba za ta fita daga kaina ba. Shekaru sun wuce, amma har yau in na shiga jirgin ƙasa lokacin zafi na ga namiji cikin kwat mai kauri ya ɗaure wuya, sai in ji kamar in tashi in fizge masa rigar. Mutane suna ce mini in yi haƙuri tunda Allah ya kiyaye. Na gode wa Allah, amma haushin bai tafi ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ya tafi ba.

Lokacin ban daɗe da zuwa Faransa ba. Daga Zinder aka kawo ni wajen mijina, muna zaune a wani ɗan gida a Rillieux-la-Pape, arewa da Lyon. Ni karatuna a lise, wato sakandare, ya tsaya, shi kuwa ya gama karatun injiniya, yana ta neman aiki. Injiniya nake ce masa in ina tsokanarsa, shi kuma ya ce mini Madam. Da damina ta kama a gida, nan kuma zafi ya shigo, sai wani kamfani a Paris ya kira shi su gana, abin da suke ce wa entretien. Murnar da muka yi ranar ba ta faɗuwa. Ya ɗaga ni sama a kicin har kaina ya bugi fitila.

Ba shi da kwat na kirki, sai wani baƙi da ya yi bikin gama makaranta da shi, wanda ya matse shi a kafaɗa. Muka shiga cikin gari a Lyon neman sabo. Shi da kansa ya yi ta karance-karance a salula kafin mu fita, yana koya mini a cikin bas: kwat ɗin sanyi daban, na zafi daban. Na sanyi da ulu mai kauri ake yinsa, da shafi ciki gaba ɗaya don ya riƙe ɗumi. Na zafi kuwa yadinsa sakayau ne, shafinsa rabi, iska tana ratsa shi. Na tsakanin lokutan biyu ma akwai, wanda yawancin ma'aikatan biro, wato ofis, suke sawa. Na yi ta dariya, na ce ashe su ma Turawa suna da shadda da boyel ɗinsu. A kanti muka zaɓi wani mai ruwan toka-toka da ɗan shuɗi, in ka ɗaga shi wajen haske kana iya hango hannunka. Muka haɗa da farar shemis ta auduga, rigar da ake sawa ƙarƙashin kwat. Da ya fito daga ɗakin gwaji ya tsaya gaban madubi, sai na ji kunya ta kama ni kamar ranar da ya fara zuwa zance gidanmu.

Ana gobe ganawar muka hau jirgi zuwa Paris. Tun a tasha ake ta sanarwa cewa kanikil ya shigo, wato zafin nan nasu mai kisa, a sha ruwa, a guji rana. Muka sauka gidan kawun mijina a Stains. Wannan Kawu ƙanen mahaifiyarsa ne, ya fi kowa daɗewa a Faransa cikin danginsu, kuma duk yaron da ya zo karatu ta hannunsa yake bi. Shi ya tarbi mijina a filin jirgi farkon zuwansa, shi ya ba shi katifa a falo har ya samu ɗaki. Ba na ƙin faɗin alherinsa. Amma mutum ne wanda in ya yi magana, to, an gama.

Bayan mun gaisa gaisuwar da ba ta ƙarewa, mun ci tuwon da matarsa Hajiya ta yi mana, sai Kawu ya ce a kawo masa kayan da za a sa gobe ya gani. Mijina ya ciro kwat ɗin daga jakarsa yana murmushi. Kawu ya kama yadin da yatsu biyu, ya murza, ya juya cikin, ya ga shafin bai kai ƙasa ba.

"Wannan kuma mene ne? Tela bai gama ba aka ba ka?"

"Kawu, haka ake yin na zafi. Don iska."

"Iska? Biro za ka je ko bakin teku? Wannan ai rigar barci ce. Ka shiga gaban Turawa da wannan, su ce ɗan Afirka bai san mutunci ba. Hajiya, ɗauko mini kayan nan."

Hajiya ta dubi mijinta, ta dube ni, ta tashi ta shiga ɗaki. Ta dawo da wata doguwar jaka mai zif. Tun kafin a buɗe warin kafur ya cika falon. Kwat ne baƙi-ƙirin na ulu, mai kauri kamar bargo, da wandonsa, da falmaran ɗinsa ta ciki mai jerin maɓallai, da jan karabat na ɗaure wuya. Da shi Kawu ya samu aikinsa na farko a ƙasar nan. Tun daga nan ya zama al'ada a danginsu: duk saurayin da zai je neman aiki, wannan kwat zai sa, Kawu ya ɗaura masa karabat da hannunsa, ya tofa masa addu'a, a ɗauki hoto a aika gida. Ya nuna mana bango. Ga su nan a jere cikin firam, samari huɗu ko biyar, kowa cikin kwat ɗaya, kowa ya samu aiki.

Na tashi na matsa kusa da hotunan. Ban san abin da ya ba ni ƙarfin hali ba, ni da ko ido ba na iya haɗawa da shi. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, amma duk waɗannan lokacin sanyi ne. Dubi itatuwan bayansu, ba ganye. Wannan ma har da abin naɗe wuya. Gobe an ce zafin zai fi na yau."

Kawu ya yi dariya, irin dariyar da ake yi wa yaro ya faɗi shirme.

"Amarya, yaushe kika zo ƙasar nan? Ko takalmin da kika zo da shi bai tsufa ba. Zafi? Wa za ki gaya wa zafi? Mu da aka haifa a Damagaram, muka yi noma da tsakar rana muna azumi? Kanikil ɗin nan na tsofaffin Turawa ne, su da ko ranar hantsi ba su iya ɗauka. Ɗan Nijar ba ya faɗuwa don zafin Paris."

Wannan magana ita ce ta kusa kashe mini miji, kuma na ji ta a bakin ƴan ƙasarmu ba sau ɗaya ba. Muna zaton tunda daga ƙasar rana muka fito, rana ta san mu. Mun manta cewa a gida babbar riga muke sawa iska na shiga ta ko'ina, da rana ta take kowa ya nemi inuwa da randa. Ba wanda ya taɓa naɗe kansa cikin bargo a bazara ya shiga akwatin ƙarfe.

Da muka shiga ɗakin da aka ba mu na kama mijina da magana. Na ce, "Injiniya, kai fa ka koya mini bambancin nan a cikin bas. Ka sani sarai." Ya ce ya sani. Na ce to, ka sa naka, in ya so ka ɗauki hoto da nasa. Ya ce Kawu zai raka mu har tasha, kuma ko bai raka mu ba, in ya ji labari fa? "Madam, mutumin nan ya riƙe ni kamar ɗansa. In ƙi kayansa a gidansa? Inna za ta ji a Zinder kafin mu kai bakin titi. Ɗan lokaci ne kawai, biro ɗin akwai na'urar sanyi. Zan daure." Na yi magiya, na yi fushi, na juya masa baya. Ya taɓa kafaɗata ya ce da Faransanci, "Ça va aller," wai komai zai yi daidai. Har yau ba na son jin wannan kalma.

Ganawar bayan azahar ce. Da safe Kawu ya shirya shi kamar ango. Lokacin da Kawu ya sayi kwat ɗin siriri ne, mijina kuwa ya fi shi jiki, sai da ya ja numfashi ya riƙe kafin maɓallan falmaran su shiga. Kawu ya ɗaura karabat ya ja shi har maƙogwaro, ya daddaɓa masa ƙirji ya ce, "Yauwa, yanzu ka zama mutum." Na miƙa wa mijina gorar ruwa, Kawu ya ce kada ya cika sha, zufa za ta ɓata shemis, kuma kada fitsari ya matse shi gaban manya. Ya ƙara da cewa kada ya kuskura ya cire kwat a hanya ya rataya a hannu kamar ɗan tasha, yadin zai yamutse. Aka ɗauki hoto, aka yi fatiha. Hajiya ta faki ido ta tura mini gorar cikin jakata.

Daga gidan zuwa inda za mu hau jirgi sai da muka shiga bas, sannan muka taka. Titi yana huci kamar bakin tanda. Ni da ke cikin atamfa da mayafi mara nauyi ma jikina ya jiƙe. Kawu ya tsaya bakin tasha yana ɗaga mana hannu har muka shige. Muna shigewa na ce, "To, ya tafi, cire." Mijina ya buɗe gaban kwat ɗin ya leƙa, ya ga shemis ta manne da jikinsa ta yi sharkaf, baƙin falmaran har ya fara zuba a kanta. Ya mayar ya rufe. Ya ce yanzu kam ba zai iya cirewa ba, mutane za su gani. Na ba shi ruwa, ya kurɓa kaɗan ya miƙo mini.

Jirgin ya cika maƙil, ba wurin zama, ba iska. Muka tsaya kusa da ƙofa yana riƙe da ƙarfe. Can tsakanin tashoshi biyu jirgin ya rage gudu, ya tsaya cikin rana. Mutane suna fifita da jarida, wani jariri yana ta tsala kuka. Ina kallon mijina, zufa na zuba daga haɓarsa tana ɗiga kan karabat. Sai daga baya na ga zufar ta daina. Wallahi na ji daɗi, na ce a raina jikinsa ya saba. Ban san wannan ce alama mafi muni ba. Na ce masa, "Ya jikin?" Ya dube ni kamar bai san ni ba, ya ce, "A gaya wa Inna a ɗaure awakin, hadari ya taso." Na ce, "Wace Inna? Waɗanne awaki?" Ya yi wani murmushi da gefen baki. Na taɓa kuncinsa, na ji kamar na taɓa murfin tukunya, a bushe ƙamas.

Jirgin ya motsa ya shiga tasha. Ƙofa na buɗewa ya saki ƙarfen, ya yi taku ɗaya, ya tafi gaba ɗaya ya faɗi a kan dandamali, kansa ya bugi ƙasa, ƙafarsa ɗaya ta zurma tsakanin jirgi da bakin siminti. Na kurma ihu. Na kira sunansa na yanka, abin da ban taɓa yi ba gaban mutane. Wasu maza biyu suka ja shi baya, wani ya tare ƙofa yana ihu kada jirgin ya tashi. Ni kuwa na durƙusa na kama karabat ɗin nan ina ja, ƙullin Kawu ya ƙi kwancewa, da na ja sai ya ƙara shaƙe shi. Na koma kan maɓallan falmaran, sun matse tam, farcena ya karye, ko ɗaya bai fita ba. Faransancin da na koya a makaranta duk ya gudu, Hausa kawai nake yi, ina cewa, "Ku taimake ni, ku cire masa, ku cire masa!" Jikinsa ya fara karkarwa, idanunsa suka juye. Na juye masa sauran ruwan gorar a ka. Wata mata ta zuba nata, ulun ya shanye kamar ba a zuba ba.

Da ƴan agajin gaggawa suka iso ba su tsaya neman maɓalli ba. Ɗayansu ya zaro almakashi ya tsarge kwat ɗin tun daga hannu har wuya, ya yanke falmaran, ya datse karabat, ya keta wandon. Suka lulluɓe shi da ƙanƙara da tsumma mai ruwa. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga guntun yadin ya dube ni, kallon nan har yau ina jinsa. A motar asibiti na riƙe ƙafarsa ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ina tunanin yadda zan buga waya Zinder in ce wa mahaifiyarsa ɗanta ya mutu, kuma in aka ce me ya kashe shi in ce riga.

Likita ta ce zafi ne ya buge shi har ya taɓa ƙodarsa, kuma da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai wani labarin. Aka shiga da shi ɗakin da ba a barin kowa ya daɗe. Wata nas ta miƙo mini leda da tsummokaran kayan a ciki, na ajiye ƙarƙashin kujera ban ko duba ba.

Washegari da hantsi Kawu ya zo shi da Hajiya. Mijina bai farfaɗo sosai ba, ina zaune a baranda ban runtsa ba. Kawu ya yi mini sannu, ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ce ƙaddara ce, wataƙila bai karya kumallo da kyau ba. Sai ya waiga ya ce, "To, ina kayan?" Na nuna masa ledar da ƙafa. Ya buɗe, ya ciro hannun kwat ɗin shi kaɗai, ya ciro rabin falmaran. Fuskarsa ta canza fiye da yadda ta canza da ya leƙa ɗan ƴar'uwarsa ta gilashi.

"Da almakashi? Innalillahi! Ba su iya buɗe maɓalli ba? Ke kina ina suka yi wannan ɓarna? Kin san shekarun kwat ɗin nan?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da aka raina a kan ko muryata kada babba ya ji da ƙarfi, na ji bakina yana magana shi kaɗai. Na ce, "Kawu, mijina yana can ciki da robobi a hannu da hanci, kai kuma tsumma kake wa ta'aziyya? Na gaya maka zafi ne, ka ce takalmina bai tsufa ba. Ka shaƙe shi da hannunka, ka hana shi ruwa, ka ce ɗan Nijar ba ya faɗuwa. To ga shi can ya faɗi, shiga ka tashe shi! Da ni ke da almakashin, tun a falonka zan yanka shi. Da ya mutu, wannan ledar za ka aika wa uwarsa?"

Hajiya ta riƙe ni tana cewa, "Ɗiyata, ya isa, ya isa," amma na ji yadda ta matse hannuna, ba matsewar hani ba ce. Kawu ya tattara ledarsa ya fita ba sallama.

Kafin la'asar labari ya kai Zinder. Ba labarin kwat ba, labarin amaryar da Faransa ta lalata, wadda ta zagi surukinta gaban Turawa. Salulata ba ta huta ba. Gwaggona ta kira, yayar mijina ta kira, kowa da nasa wa'azin. Mahaifiyata ta kira tana kuka, ta ce in je in durƙusa in ba shi haƙuri kada a ce ba ta yi mini tarbiyya ba. Cikin duk masu kiran nan, ƴan kaɗan ne suka fara da tambayar jikin mara lafiya.

Da mijina ya dawo hayyacinsa, abin da ya fara tambaya shi ne ganawar. Na ce ta wuce, sun ɗauki wani. Ya rufe ido, hawaye suka gangaro ta gefe. Can ya ce, "Madam, tun a bas na ji kaina yana juyawa. Na san in ban cire ba akwai matsala." Na ce, "To me ya hana ka?" Ya ce, "Ina ta jin muryar Kawu." Na tashi na fita baranda don kada in faɗa masa abin da ke bakina yana kan gadon asibiti. Shi ma ina jin haushinsa, har yanzu. Mutum da iliminsa, ya san gaskiya, ya zaɓi ya mayar da ni bazawara a ƙasar da ban san kowa ba don kada ran wani ya ɓaci.

Kafin mu koma Lyon na je gidan Kawu saboda mahaifiyata. Na durƙusa na ce ya yafe mini ɗaga murya. Ya jira sauran, ban ƙara komai ba, don sauran ban yi nadamarsa ba. Ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Daga baya ma Hajiya ta gaya mini a waya, murya ƙasa-ƙasa, cewa ya kai guntayen wajen wani tela ɗan Cadi a La Courneuve ya harhaɗa masa, an mayar cikin jakar. Tun daga ranar, duk yaron danginsu da na ji an kira shi neman aiki, ni nake fara buga masa waya, ko matarsa in yana da ita, in ba su labarin nan tun daga farko. Wasu suna cewa ina ɓata sunan dattijo. Su faɗa.

Mijina ya warke, sai dai har yau ba ya jure rana kamar da, kuma likita yana duba ƙodarsa lokaci-lokaci. Ya samu wani aiki a Lyon da kaka ta shigo. Yanzu kayan aikinsa a rabe suke cikin kabad, na sanyi gefe guda, na zafi gefe guda, kuma kowace safiya sai na duba yanayin gari kafin ya sa hannu a kan ko ɗaya.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, tufafi lokaci yake bi, ba girman wanda ya ba ka ba, kuma rana ba ta tambayar garin da aka haife ka. Girmama babba wajibi ne, zan gaishe shi a durƙushe har ƙarshen rayuwata. Amma in maganarsa za ta taɓa lafiyar wanda nake so, zan ce a'a tun a falo, da ladabi in ya yiwu, ba ladabi in ya ƙi. Gara a kira ni marar kunya a Zinder da a zo yi mini gaisuwar takaba ana yaba tarbiyyata.